Zalɓen da Gaisuwa Ta Kora

Malamar da ke koya mana ɗaukar hoto ta ce kowa ya kawo hoton daji a cikin birni, ba mutum, ba gini. Waɗanda suka fi kyau za a rataye su a zauren makaranta. Ni na riga na zaɓi ƙusar da za a rataye nawa. Akwai wani zalɓe a fadamar wani lambun shaƙatawa, dogo, fuska a murtuke kamar Baba idan ya tarar an bar fitilar bayi a kunne. Shi nake so.

Amma a nan Greensboro ta Amurka, idan ba ki da mota, ƙafafunki ado ne kawai. Na yi ta roƙon Mama har Asabar ɗin ƙarshe ta zo, ranar Litinin za a karɓi aikin.

Na fito da wando da takalmin gudu. Mama ta fito cikin leshi, ɗaurin kanta na gogar rufin mota, turarenta kuwa na tabbata har sauron unguwar Sedgefield ya ji.

"Mama, fadama fa za mu je."

"Ba hoto za a ɗauka ba? So kike dangi su ce Amurka ta lalata mu?"

"Ba mutane a ciki. Tsuntsu ne da ciyawa."

"Ciyawa! Mun baro Gusau don ki zo ki ɗauki ciyawa?"

A hanya na ji tana waya tana kwatanta wa wata wurin.

Muna isa na ɗauke ta hotuna a kan gadar katako, na tsaye, na gefe, na kallon nesa kamar mai jiran jirgi. Sannan ta sallame ni. Na lallaɓa bakin ruwa na tsuguna a bayan wani kututture. Sauro ya yi walima a idon sawuna, ban motsa ba. Ƙafata ta mutu, na yi mata addu'a a zuci. Can sai ga shi ya fito daga cikin kainuwa, yana taku a hankali, rana na haska wuyansa. Na ɗaga kamara. Saura ya juyo kawai.

"Salamu alaikum! Ina 'yar tawa?"

Hajiyar garin Summerfield ce, aminiyar kakata, wadda muryarta ba ta buƙatar lasifika. Tana tsaye a bayana da kular dambu. Zalɓe ya ɗaga kai amma bai tashi ba. Daƙiƙa kaɗan nake nema. Sai na ji idon Mama a ƙeyata. A gidanmu ba a gaida babba da abu a fuska, ba a kuma gaishe shi da baya. Na sauke kamara, na juyo, na durƙusa cikin taɓo.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau, kishiyar kakarta. Ya karatu? Ya Babanki? Ya ƙafar tasa? Kin rame fa. Ke uwarta, ba kwa ba ta abinci ne?"

Ina amsawa ina jin fuka-fukai na buɗewa a bayana, fuf, fuf, a hankali, kamar da gangan. Ba damar waiwaye, don ba ta kai kan ƙannena ba tukuna.

"Kai, ga wani ƙaton tsuntsu can ya wuce," in ji ta. "Da kin ɗauka ai da ya yi kyau."

Na jira har aka cinye dambu. Bai dawo ba.

Da yamma Mama ta tura hotunanta wa dangi, ana ta zuba mata ma sha Allah. A ɗaya daga ciki na hango zalɓen, can bayan kafaɗarta, a tsaye kyam. Na yanke Mama na ƙara girmansa, ya koma kamar tabon miya a hijabi.

Ranar Litinin na kai hoton ruwa da kututture. Malama ta daɗe tana kallo, ta ce akwai natsuwa a cikinsa, ta mayar mini da shi. A ƙusata aka rataye hoton kuregen wani yaro, wanda ya ɗauka ta tagar motar babansa.