Labulen da Ya Sauko Mini a Ido

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina ɗinki a unguwar Nima, ba zan manta wata safiyar Laraba ba. Ina zura zare a allura sai na ga ƙananan taurari suna ƙyalli a gefen idona na dama, bayansu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna iyo a hankali kamar ƙura a ruwan randa. Babu zafi ko kaɗan. Har sha'awa suka ba ni, nakan tsayar da keken ɗinki in bi su da kallo.

Kwana uku ban faɗa wa kowa ba, don kayan sunan jikata ta fari ne a gabana. Wautar da na yi ke nan, ga shi da ma idon hagu tun ina yarinya bai gani sosai. Rana ta huɗu ina dawowa daga unguwar Maamobi, wani labule mai duhu ya fara saukowa daga sama. Ya rufe hasumiyar masallaci, ya rufe kawunan mutane, ya bar mini ƙafafunsu kawai suna tafiya.

Yayata ce ta ja ni asibiti tana ta faɗa. Likitar ta ce tantanin da ke can bayan ido, mai ɗaukar hoton abin da muke gani, shi ya ɓamɓare kamar fenti a bangon da ya sha damina.

"Mma, da kin ƙara kwana biyu, da sai dai haƙuri," in ji ta.

Aka yi aiki, aka sa mini kumfar iska a idon, aka ce in kwanta rub da ciki kwana goma. A haka aka yi suna, ina jin guɗa da ƙamshin waina daga ɗaki. Da la'asar 'yata ta shigo, ta shimfiɗe jaririyar a tabarma daidai ƙarƙashin fuskata.

"Mma, ga takwararki."

Na gan ta tana rawa-rawa kamar wadda ke ƙasan kogi, baki ɗan mitsitsi, hannu a dunƙule. Hawayena ya ɗiga a kumatunta, ta yi atishawa.

Ganina ya dawo, ko da yake layin ɗinki yakan ɗan karkace mini har yau. Tun lokacin na gane ba kowace cuta ke sallama da ciwo ba. Abin da ido ya nuna maka baƙo, ko da kyau ya zo, kai idon wurin likita a ranar.