Indararon Doña Herlinda

Rosendo ya toshe indararon gidan uwarsa da siminti. Damina biyu ke nan ruwa yana kwance a saman kanta.

Ni maƙwabciyarsu ce a nan Veracruz, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗaya, kuma ni na riƙe Rosendo ranar baftismarsa, shi ya sa yake kirana madrina. Don haka kada wani ya ce min ba ruwana.

Uwar tasa, Herlinda, tamal take sayarwa a bakin tashar bas tun tana iya ɗaga tukunya biyu ita kaɗai. Ƙullun masara, ganyen ayaba, hayaƙi a ido. Da wannan ta sayi bulon gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Mijinta, marigayi Don Cipriano, magini ne. Ranar da aka zuba kankaren rufin, duk mazan layinmu suka fito da bokitai, mu mata muka kwashe yini a bakin murhu. Da kankaren ya bushe sai ya kira mu sama, ya juye bokitin ruwa a tsakiya. Muna kallo ruwan ya kama hanya da kansa zuwa kusurwar baya, ya faɗa indararo. Ya karkata rufin da faɗin yatsa uku, ido ba ya gani.

Ya bar rodi tsaitsaye kamar yadda kowa yake yi, ya kifa musu kwalabe don kada su yi tsatsa. Ya ce, "Saman nan na Rosendo ne. Ya gina duk inda ya ga dama, ban da kusurwar nan." Yaron yana tsaye, ya ji da kunnensa.

Cipriano ya rasu, Rosendo ya girma ya kama sana'ar kiɗa a wuraren biki. Da ya tashi gina ɗakinsa, a kusurwar nan ya gina, wai bango biyu suna nan tsaye, an hutar da shi. Na hau na same shi da cokalin gini a hannu, yana cusa siminti a bakin indararon.

"Kai Rosendo, ruwan fa? Ta aljihunka zai bi?"

"Haba madrina, ke fa akwai ki da ɗaga hankali! Mako mai zuwa zan huda wani ta gaba."

"Rufin nan baya ya karkata, wawa. Ruwa zai hau tudu saboda kai?"

Ya yi dariya, har da sumbatar goshina. Uwarsa tana ƙasa tana cewa, "Bar shi, ƙawata, ɗan magini ne."

Wata huɗu bayan nan ya koma gidan surukansa. Ɗakin yana kulle.

Yanzu duk ruwan da aka yi, nan jikin bangon ɗakinsa yake taruwa, daidai saman gadon Herlinda, ya kai idon sawu. Matar da ta haura sittin da biyar, gwiwa tana ƙara, ita ce ke hawa tsani da tsintsiya tana kora ruwa zuwa gaba, yana dawo mata. Gansakuka ta yi kore, sauro ya samu gida. A watan Satumba zazzaɓi ya kwantar da ita kwana tara, ni na yi jinyarta. Ya zo sau ɗaya, da lemon kwalba.

In na yi magana sai ta ce, "Ayyuka sun yi masa yawa." Ta ja gadonta gefe, ta sa roba. Roba ta zama uku.

Ranar Talata tana kwaɓa ƙullu, wani guntun siminti kamar tafin hannu ya faɗo cikin kwanon. Muka ɗaga kai tare. Ga rodin Cipriano a fili, ja wur da tsatsa, ruwa yana ɗiga daga jikinsa. Ba ta kare ɗanta ba a ranar. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Cipriano ne ya ɗaure ƙarfen nan da hannunsa."

Na hau sama na leƙa ta tagar ɗakin. Manyan lasifikokinsa ne a ciki, an ɗora su a kan katako, an lulluɓe su da leda tsaf. Ashe ya san ruwa yana ɓarna.

Rosendo, na san za a kai maka wannan takarda. Ba ma son lemo, ba ma son huda ta gaba. Kafin Lahadi ka zo da guduma da kurfi, ka kwashe kayan kiɗanka, ka fasa kusurwar nan, ka buɗe indararon ubanka a inda ya bar shi. Sannan ka sauko ka tsaya a ƙarƙashin rufin nan, ka dubi uwarka, ka gaya mata wa zai gyara shi.