Wandon Kofur Bawa

Duk wanda ya san Kofur Bawa, ƙwaurinsa ya fara sani kafin fuskarsa. Bai taɓa shiga zauren majalisa a Zuru ba sai da wando naɗe har gwiwa, taɓo ya bushe masa a ƙafa. Ba rashin ruwa ba ne, wallahi, don a gidana na Rikoto yake sauka, kuma ba a taɓa hana shi buta ba. Da gangan yake yi.

A shekarun nan na hamsin, kafin Turawa su tafi, an kafa majalisar da ke haɗa gundumomi, kowace ta turo wakilai a tsara abin da ya shafi kowa, kamar hanyoyi da ranakun kasuwa. Ni ina wakiltar 'yan kasuwa, shi kuma tsohon sojan nan yana wakiltar ƙauyukan bayan rafi, can ta hanyar Kanya. Rafin shi ne iyakar gundumomi biyu, kuma ba gada. In ya kawo da damina, mutanen ƙetare sun rabu da asibiti ke nan. A bakinsa matar Kofur ta rasu tana naƙuda, ana jiran ruwa ya janye. Bai taɓa faɗin haka a taro ba, amma duk mun sani.

Ran da ya fara ɓata mana sabuwar tabarma, shugaban majalisa ya ɓata rai.

"Kofur, ba ka wanke ƙafa?"

"Ranka shi daɗe, ba ni na zo ba. Rafi ne ya zo taro, ni dai na ɗauko shi."

"To, rafin ya fita waje!"

"Shina fita, ran da kuka yi mishi gada."

Haka aka ci gaba. Duk zama sai ya tada maganar, duk zama sai wakilan gundumomin biyu su fara tura wa juna. Wannan ya ce rafin na wancan ne, wancan ya rantse kakanninsa ba su san shi ba. Rannan Kofur ya miƙe yana sosa ƙeya kamar mai neman ilimi.

"Ku gafarce ni, ni ban yi boko ba. Bara da rani, lokacin kamun kifi, wa da wa suka kusa fasa wa juna kai a kan tarwaɗar rafin nan?"

Ya nuna wakilan gundumomin biyu da yatsa.

"Af! Ashe da rani uba biyu gare shi, da damina shi zama maraya!"

Ni na fara fashewa da dariya, har shugaba ya harare ni.

Da ya ishe su, sai aka naɗa kwamiti ya je ya gani da ido. Yaushe suka tafi? Tsakiyar rani! Ina cikin tawagar, da ni da kunyata. Motarmu ta ratsa yashin rafin fes, ko tayarta ba ta jiƙe ba. Wani wakili ya leƙo ta taga ya ce, "Yau ga abin mamaki, ina ruwan yake?" Kofur ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a tsakiyar yashin.

"Bismilla, sauko ka zauna nan. Shina hanya. Ni zan riƙa kawo maka tuwo har shi iso."

Suka dawo suka ce babu gaggawa. Ranar na ga idon Kofur ya yi ja, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai. A hanya na ce masa, "Kofur, haƙura mana, ka saki wandon nan." Ya ce, "Kai ɗan kasuwa, je ka auna gishirinka."

To, kun san al'adar mutanensa ta golmo, inda saurayi kan tara abokansa su yi wa uban budurwa noma shekara da shekaru kafin aure. Kofur yana da 'yan mata uku, kowace da saurayin da ta zaɓa, kuma Allah ya sa samarin sun fito daga gefen rafi biyu. Da suka zo da garemani, sai ya tare su a bakin gona.

"Ku aje. Bana ban son dawa, dutse nika so."

"Baba, dutse kuma? Mi za ka ci?"

"Ba ruwanku da cikina. Wanda ka son ɗiyata shi kai dutse bakin rafi."

Kai, jama'a! Samarin gabas suka ce na yamma ba za su fi su ba, na yamma suka ce sai dai a mutu. Kafin ka ce me, duwatsu sun taru a gaɓa biyu kamar rumbuna. Gonar Kofur kuwa ciyawa ta cinye ta. Kun san wa ya ciyar da shi shekarar? Ni! Ya zauna ya share mini tuwo, ya kuma ce miyar ba gishiri, a gidan mai sayar da gishiri.

Magana ta cika kasuwanni har Ribah, wai masu neman aure sun yi abin da ya gagari gundumomi biyu. Kunya ta kama wakilai. A zama na gaba, ba musu ba gardama, wannan gunduma ta ɗauki siminti, waccan ta ɗauki magina, majalisa ta sa ido a kan aikin. Ranar buɗewa ma sai da suka yi rigimar wanda zai fara takawa. Suna cikin yi, Kofur ya kora jakinsa ya haye.

"An gama," in ji shi. "Wanga ba ɗan gundumar kowa ba ne."

A zaman da ya biyo baya, Kofur ya zo da wando har idon sawu, ga takalmi yana ƙyalli, har masinja ya tare shi a ƙofa bai gane shi ba. Muka yi ta tafi. Ya bari muka gama, sai ya sunkuya a hankali ya fara naɗewa.

"Kofur, me kuma?"

"Saura hanyar Ribah."

Bai ga gyaran wannan hanyar ba. Da damina ya rasu, rafi ya cika maƙil yana ruri. Mutane daga gefe biyu suka yi ta ratsa gada zuwa jana'iza, kowa da busasshiyar ƙafa. A kanta na haɗu da ƙaramar 'yarsa, goye da jaririn da ta haifa a asibitin Zuru cikin ruwan wannan shekara. Nan kuka ya ƙwace mini, ban kuma ɓoye ba.

Da aka koma majalisa, na shiga da wandona naɗe har gwiwa, kuma ba wanda ya ce in sake shi.

Allah ya jiƙan Kofur Bawa, ya haɗa shi da matarsa a inda babu ruwan da zai tsaya tsakaninsu. Amin.