Ranar da Ban Auna Ruwa Ba

Shekara tara na yi ina aikin malamin gona a ƙasar Ajingi, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini babu wanda na riƙe da amana kamar auna ruwan sama. Ma'aunin ba wani abin kallo ba ne. Gwangwanin tagulla ne mai mazurari a baki da kwalba a ciki, an kafa shi a fili bayan gidana, a wani ƙauye kusa da Gafasa. Kowace safiya ta damina nakan duba abin da ya taru in rubuta a littafi. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai na rubuta cewa ba a yi ba. In ban da ranar da zan ba da labarinta, ban taɓa tsallake rana ɗaya ba, kuma da wannan littafi nake gaya wa manoma ko ƙasa ta jiƙu yadda za ta riƙe gyaɗa.

A shekarun fari na farkon alif ɗari tara da saba'in ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya naɗe ganye. Aka sa ranar roƙon ruwa. Ana gobe za a fita, da la'asar, limamin ƙauyen ya zo gidana. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ya tsaya yana ƙwanƙwasa ma'aunin da sandarsa.

"Ɗan nan, tulun nan naka za ka cire."

"Allah gafarta Malam, me ya yi?"

"Jama'a sun ce ba za su fita ba muddin yana kafe. Mu tafi roƙon rahama, kai kana nan da mudunka kana jiran ka auna wa Ubangiji kyautarsa?"

Na ce masa Allah ne mai saukar da ruwa, ni shaida kawai nake rubutawa, kuma wanda ya auna hatsinsa don fitar da zakka bai raina wanda ya ba shi ba.

Ya yi murmushi irin na wanda ya gaji. "Wannan na sani tun ba a kai ka boko ba. Amma ba ni kaɗai zan tsaya a filin ba. Kwana ɗaya tak nake roƙonka."

Raina a ɓace na tuge ma'aunin na kai shi ɗaki. Da safe muka fita bayan gari, aka yi salla, muka juya rigunanmu kamar yadda aka saba. Na roƙa da zuciya ɗaya, domin ni ma ina da gona. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa har kwari ya cika. Ma'aunin kuwa yana ƙarƙashin gadona, a bushe. Masu wucewa ta ƙofar gida suna ta ɗaga murya: "Malamin gona, yau inci nawa?"

Ƙarshen wata na ɗaure littafin a bayan keke na kai ofishinmu da ke Gaya. Wanda ke gaba da ni a aiki mutum ne mai karatu mai zurfi. Da na ba shi labari ya yi dariya, ya ce jahilci ne ke cin mutanenmu. Sa'an nan ya miƙo mini alƙalami.

"Cike gurbin ranar, Malam. Dubi na garin da ke kusa da ku, ka ɗan rage."

"Ranka ya daɗe, ban auna ba."

"To wa zai sani?"

"Wanda muka roƙa ruwan."

Ya ce ashe na fi kawuna ƙauyanci. Har yau wannan alƙalami ya fi sandar liman yi mini ciwo, domin mai alƙalamin ne ya koya mini cewa ba a rubuta abin da ido bai gani ba. A gurbin na rubuta: An yi ruwa, ba a auna ba. Ya sa mini takardar gargaɗi a fayil, ta bi ni har na bar aiki.

Na koma na mayar da ma'aunin raminsa. Ruwa ya sake ɗaukewa, geron bai tashi ba. Babu wanda ya ƙara zuwa ya ce in cire, ni ma ban je na yi wa kowa gori kan cire shi da aka sa na yi ba. Duk mun gaji. Kawu yakan biyo da safe ya same ni ina duba kwalbar, ya tambaya ko an samu wani abu. In ce babu. Ya ce Allah ya kawo, in ce amin, in rubuta.