Ranar da Jimoh Ya Gyara Taswirar Duniya

Duk allon kantin da ke Fagge a wancan zamani, daga Kantin Kwari har bakin tashar jirgi, Jimoh mai fenti ne ya rubuta shi. Mutumin Ogbomosho ne, amma Hausa a bakinsa sai ka rantse a Kano aka yanke masa cibi. Abin taƙamarsa da'ira: ƙusa ɗaya da zare, ya zana maka ita kamar faifai. Kuma ba ya gajiya da faɗa.

A 1956 Malam Abdulgani, hedimastan wata makaranta a Sabon Gari, ya so a zana taswirar duniya a bango. Bai nemi Jimoh ba, sai ya ba Emmanuel, baƙon mai fenti da jirgi ya sauke shekara guda kafin nan. Saura babban allon ƙofar makaranta, wanda ba a ba kowa ba tukuna. Jimoh ya ce ko a jikinsa, amma kwana uku amala ba ta wuce masa ba, kuma kullum hanya sai ta bi da shi ta gindin bangon nan.

Can ya hango abin da yake nema. Emmanuel ya jera jajayen da'irori a kan taswirar, na tsakiya daidai, na sama da na ƙasa kuwa sun baje kamar ƙwan zabi. Jimoh ya karaɗe Fagge da labarin baƙo bai iya da'ira ba. Ran Lahadi da hantsi, Emmanuel na coci, Jimoh ya kwashi ƙusa da zare ya je ya gyara su tsaf, har da sa sunansa a ƙasa.

Litinin hedimasta ya aika a kira shi. Ya zo cikin babbar riga, a zatonsa allon ƙofa za a ba shi. Malam ya ɗauko lemo, ya zazzana da'irori a jikinsa, ya ɓare, ya danne ɓawon a kan tebur. Ɓawo ya tsattsage sama da ƙasa. Ya ce duniya haka take a dunƙule, mai taswira kuwa ba ya barin tsaga, jan wurin yake har ya haɗe, shi ya sa da'irorin can ke bajewa.

"Malam Jimoh, abin da nake so yara su gani ke nan, ka shafe mini."

Allon ƙofa Emmanuel ya samu. Jimoh kuwa yini biyu ya yi a kan tsani yana mayar da ƙwayaye, Emmanuel na ƙasa yana cewa, "Baba, a ƙara faɗi kaɗan."

Tun daga nan, duk mai tallan ƙwan zabin da ta shigo layin, maƙwabta ƙofar Jimoh suke tura ta, wai ya duba ko sun yi daidai. Shi dai har gobe cewa yake nasa sun fi kyau.