Adashen Yabo a Ofishin Malamai

Shekarar da manyan wayoyi suka cika makarantarmu a Kafin Maiyaƙi, duk malamin da ya iya haɗa jimla biyu sai ya wayi gari marubuci. Malamin lissafi ya koma waƙa. Malamin noma ya tsunduma sharhin siyasar duniya. Mataimakin hedimasta kuwa kullum sai ya saki doguwar nasiha a kan zuwa aiki da wuri, yawanci daga teburin mai shayi, bayan an daɗe da kaɗa ƙararrawa.

Matsalar ɗaya ce: kowa na rubutu, babu mai karatu. Sai mataimakin ya kawo dabara a ofishin malamai. Duk wanda ya ɗora rubutu a Fesbuk, wajibi ne sauran su shiga su yaba, ranar da nasu ya fito shi ma ya rama musu. Muka sa wa abin suna adashe, kuma ban taɓa ganin adashen da ake zubi a kan kari irin wannan ba. Kafin ka mayar da waya aljihu, "Allah ya ƙara basira" ta yi ta sauka kamar ruwan Agusta. Malamin lissafi ma jimla guda ya ajiye a wayarsa, liƙawa kawai yake yi: "Wannan alƙalami ya fi takobi kaifi." Har a ƙarƙashin cigiyar akuyar malamin noma ya taɓa liƙa ta.

Ni fannina barkwanci ne, labaran 'yan acaɓar hanyar Yako da amsoshin ɗalibai a jarrabawa. Yabon yana min daɗi. Na san na adashe ne, amma kunne bai san na adashe ba.

Wata Asabar na je gida Tudun Wada. Mahaifina ya jima yana fama da mantuwa, yau ya nemi hular da ke kansa, gobe ya tambayi ƙaninsa da ya daɗe da rasuwa. Ran nan na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da irin fara'ar da ake yi wa baƙo, sannan ya ce, "Samari, ɗan gidan wa ne kai?"

Mutumin da ya riƙa kai ni firamare a bayan kekensa ke nan. Na kasa gaya wa kowa da baki, sai na zauna na rubuta abin da ya faru tiryan-tiryan, na ɗora. Wannan karon ba yabo nake nema ba. So nake mutum ɗaya ya karanta ya ce min sannu.

Adashe bai saɓa ba. Malamin noma ya rubuta, "Kai Malam, za ka kashe mu da dariya!" ya jera fuskoki masu hawayen dariya. Mataimakin ya ce ya karanta daga farko har ƙarshe, kuma ya kamata hukuma ta duba wannan batu. Wace hukuma? Malamin lissafi ya zo da takobinsa.

Ranar Litinin mataimakin ya tare ni a bakin aji.

"Malam, ka kwashi naka ka yi lamo. Nasihata na nan tun jiya, ba ka zuba ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan me na yi rubutu shekaranjiya?"

Ya gyara hula. "Ai abin ya yi ma'ana ƙwarai da gaske."

Raina ya ɓaci. A wurin na ce na fita daga adashen. Aka yi kwanaki ana min kallon maci amana, malamin noma ma ya daina rage min hanya a babur ɗinsa.

Da Asabar ta zagayo na koma Tudun Wada. Na tarar da Baba a zaure, zaune a kan buzunsa. Bai gane ni ba, amma ya nuna min tabarma.

Na ce, "Baba, in karanta maka wani labari?"

Ya ce, "Karanta, samari."

Na ciro waya na karanta masa abin da na rubuta a kansa. Ya kasa kunne har ƙarshe, ko tari bai yi ba. Da na gama ya jima yana girgiza kai.

"Allah sarki, yaron nan yana cikin jarrabawa. In ka san shi, ka ce masa ya yi haƙuri da tsohon. Ba da gangan yake yi ba."

Na ce, "Zan gaya masa, Baba."