Ba-Yanzu-Ba da Giwayen Ƙarshen Rani

Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa buɗaɗɗiyar motar da ke shiga da baƙi cikin gandun daji, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren lokaci ba. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane. Abokan aiki suna ce masa Ba-Yanzu-Ba, domin duk wanda ya bugo waya ofis yana tambayar yaushe ya kamata ya zo kallon namun daji, shi ake miƙa wa wayar, kuma sau tara cikin goma amsar da mutum zai samu ke nan.

A gaskiya mutumin ya san aikinsa. Ya san dajin ba ya nuna abin da ke cikinsa sai a makonni shida na ƙarshen rani, kafin ruwan farko. A lokacin kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, babu inda dabba za ta sha ruwa sai babban tafki. Sai ka ajiye mota a inuwa ka kashe inji, giwa da ɓauna da gwanki su zo maka da ƙafarsu. Da damina kuwa ciyawa ta fi mota tsawo, kowane rami ya cika da ruwa, dabbobi sun watse, abin da baƙo zai samu bai wuce cizon ƙudan tsando da turin mota a taɓo ba. Akwai shekarar da ya kusa rasa aikinsa, don ya ce wa wasu baƙi da suka riga suka sauke jakunkuna su koma gida su dawo bayan wata bakwai. Manaja ya yi ta kumfar baki, shi kuwa ko a jikinsa.

Yana da wata ɗabi'a da baƙi ke so. In ya ga kashin giwa a kan hanya sai ya tsaya, ya sauka, ya fasa shi da hannu, ya ji ɗuminsa, ya shinshina, ya faɗi minti nawa da wucewar garken. Sai ya goge hannun a wando ya koma mota. In sun isa tafki kuma, da ya kashe inji, maganarsa ta farko ba ta canzawa: "Kun zo a kan lokaci." Yana faɗinta kamar shi ya tara giwayen.

Wandon nan da yake goge hannu a jiki, matarsa ce ke wanke shi. Ɗaki biyu aka ba su a gidajen ma'aikata, bayan garejin gyaran motoci, kuma daga igiyar shanyarta ana hango ƙofar gandun. A makon farko da aka kawo ta ta ce masa tana son ta ga giwa. Ya yi dariya ya ce ai ta zo gidan giwa, ta kwantar da hankalinta.

Dokar wurin ta ba kowane ma'aikaci rana ɗaya a shekara ya shiga da iyalinsa, muddin mota ba ta da aiki. To, mota ba ta rasa aiki sai da damina. Sauran direbobi ba su damu ba. Su kwashi mata da yara cikin yayyafi, a je a ga birai biyu da bayan wata barewa, a dawo ana ta labari har sati. Shi abin haushi yake ba shi.

"Ni in kai ki ki kalli ciyawa?" in ji shi. "Bari rani ya yi."

Rani ya yi, yana fita sau biyu a rana, kujeru goma sha biyu duk a cike. "Kina dai gani, babu wuri. Bari baƙi su ragu."

Baƙi su ragu, ruwa ya sauko. Haka aka yi ta yi har ta haifi 'ya'ya huɗu, ta aurar da uku. Baƙin da ya kai tafki sukan aiko masa da hotuna, ita kuma ta manna su a bangon ɗaki, har suka rufe tsagewar da ke kusa da taga. Matar makanike, maƙwabciyarsu, ba ta iya riƙe magana, ta taɓa ce mata, "Mijinki inuwar giginya ne, na nesa ka sha." Ta yi murmushi kawai ta ci gaba da cuɗa wando. Ba mace ce mai naci ba, kuma wannan ma ya taimaka wajen cutar da ita, don mai haƙuri shi ake mantawa.

Abin ya fara da buge-buge. Ta bugi ƙofa da kafaɗa, ta ture bokiti da ke gefenta, a miƙo mata abu ta hagu ta ƙi karɓa. Shi yana ce mata tsufa ne. Autarsu, wadda ke aikin jinya a birni, ita ta zo ta tafi da ita wurin likitan ido. Suka dawo da yamma da ƙaramar kwalbar magani da mummunan labari. Hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci. Na hagu ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo, kuma likita bai yi alkawarin ko wata nawa ba.

Tsakiyar damina ce. Motar tana gareji a rufe da tamfol, kwana tara ba ta fita ba.

"Baba," in ji auta, tana tsaye a bakin ƙofa ko mayafi ba ta cire ba, "gobe ka shiga da ita."

Ya fita tsakar gida ya dubi sama, ya dubi ciyawar da ta tsallake shingen gandun. Kada a zalunce shi, hankalinsa ya tashi ƙwarai, kuma son matar yake yi. Amma shekara talatin na sani sun zauna masa a ka, suka hana shi ganin abin da ko yaro zai gani. A lissafinsa, kallo ɗaya ya rage mata a duniya, kuma ba zai ɓata shi a kan ciyawa ba.

"Yanzu babu abin gani," ya ce. "Sun watse. Ko mun kwana muna yawo, da ƙyar mu ga wutsiya."

"Malam," in ji matar a hankali, "ko wutsiyar ce ta ishe ni."

"Shekara talatin kina jira, sannan ki ƙare da wutsiya? Wata bakwai ne kawai. Zan kai ki ki ga abin da ko baƙi ba su gani ba."

"Idon ya ce maka zai jira?" in ji auta.

"Ke jinya kika sani. Daji kuma ki bar mini."

Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hula ya shiga ofishin Manaja, ya roƙi a ba shi mota safiya ɗaya a tsakiyar makonni shidan nan. Manaja ya ji dalili, ya sa hannu ba musu. Ba-Yanzu-Ba ya dawo gida da takardar yana jin ya yi bajinta, ya manna ta a bango cikin hotunan. Kullum da safe shi da kansa yake ɗiga mata magani. Da ta daina gane fuskar matar makanike, ya ce duhun ɗaki ne. Da ta fara lalube kafin ta sami sabulu, ya ce ai giwa ba sabulu ba ce, girmanta ya kai ɗaki. Ita ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ranar ta zo kamar yadda ya tsara. Sama wasai, ƙasa ta tsattsage, ko iska babu. Auta ta zo tun jiya, ita ta riƙo hannun uwar ta ɗora ta a kujerar gaba, sannan ta haye can baya ta zauna. A hanya ya tsaya sau ɗaya, ya sauka ya fasa kashi da hannu. Da ɗumi. Ya goge a wando, ransa fari tas.

Bai taɓa ganin tafkin haka ba. Ya kashe inji ya ƙirga da leɓe, giwa arba'in da uku, har da jarirai biyar suna birgima a laka, ga ɓauna can gefe suna jiran a ba su wuri. Ya ciro madubin hangen nesa daga wuyansa ya sa mata a hannu, yadda ya saba yi wa babban baƙo.

"Ga su nan," ya ce.

Ta juya fuskarta wajen ƙarar ruwa, amma ta zarce kaɗan, ta tsaya tana fuskantar wani busasshen kututture. Madubin yana kan cinyarta. Nan ne abin da ya yi wata uku yana ƙin sani ya fito masa fili: ba ta gani.

"Suna da yawa?" ta tambaya.

"Arba'in da uku."

Ta ja numfashi. "Warin dai na san shi. Shi nake wankewa tun ina amarya."

Wata giwa ta watsa ruwa a bayanta, 'yan ƙananan suka yi ta gurnani. Ya buɗe baki zai fara bayanin da ya yi sau dubbai, sai ya tuna da maganar da bayanin ke farawa da ita, ya rufe bakin.

"Ka yi shiru," in ji ta. "Ka ce mini na zo a kan lokaci mana. Ba haka kake ce musu ba?"

A baya auta ta rufe fuska da mayafi. Matar ta laluba ta sami hannunsa, wanda ya fasa kashin da shi, ta mayar masa da madubin.

"Kunna mota, Malam. Na bar kakinka a jiƙe."